Hoton Kammala Sakandare: A Ɗauki 'Yarki Yadda Allah Ya Yi Ta

  

Idan kina da ɗa ko 'ya a aji shida na sakandare, na san gidanki babu zaman lafiya a 'yan kwanakin nan. Ana cikin WAEC, NECO na tafe a watannin Yuni da Yuli, ga kuma wata jarrabawar da ke jiran ki ke kanki: maganar hoton kammala makaranta. A kanta nake so mu tattauna yau, tun da sauran lokaci, don bara war haka na kusa yin kuskuren da zan daɗe ina nadamarsa.

Masu bin wannan fili sun san yarinyar da nake kira ɗiyata 'yar yayata ce, marigayiya. A hannuna ta tashi tun tana shekara huɗu. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa Mamana nake ce mata. Wata safiya na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, ta tare ni a tsakar gida da takarda a hannu. Ɗinki kala uku, mai kwalliya, baƙin lalle, gashin ido, hayar riga da hular yaye ɗalibai, kuɗin ankon ƙawaye, sai kuɗin mai hoto. Da na haɗa lissafin, ya haura rabin albashina.

Na ce mata, "Mamana, aure za ki yi ko makaranta kika gama?" Na miƙa mata takardarta, na shige ɗaki na kwanta. A ganina magana ta ƙare.

Bayan kamar mako uku muna gyaran zogale, sai idona ya kai kan hannunta. Bayan hannun ya yi haske, gaɓoɓin yatsun kuwa sun yi baƙi. Duk wadda ta yi aikin asibiti ta san wannan alama. Na ɗaga katifarta, na tarar da wata 'yar roba babu suna babu takarda, cike da man haɗi. Da kuɗin motar makaranta ta saya, tana tafiya a ƙasa cikin wannan ranar. Ta ce tunda babu kuɗin mai kwalliya, gara ta gyara fuskarta da kanta kafin ranar hoto, kada ta fita baƙa a tsakiyar ƙawayenta.

Ni ma'aikaciyar jinya, mai yi wa mata wa'azi a kan man bilicin, ga shi a ƙarƙashin katifar gidana. Ran nan na gane cewa "a'a" da na faɗa ba ta kashe maganar ba, tura ta kawai na yi inda idona ba ya kai wa.

Ki fara da zama, kafin ki yanke hukunci

Mu a wurinmu hoto ne kawai. A wurin yarinya mai shekara 17, shi ne shaidar shekara shida na tashin asuba, shara, bulala da karatu da fitilar waya. Shi ne kuma karo na ƙarshe da za ta tsaya wuri ɗaya da ƙawayenta kafin kowa ta kama gabanta: wata Katsina, wata Kano, wata Zariya, wata ɗakin miji. Wannan al'ada ta ware rana guda don hoton gama sakandare ta daɗe a Amurka, inda ake buga hotunan 'yan ajin ƙarshe a littafin shekara na makaranta. Mu waya ce ta kawo mana ita da ƙarfinta, amma asalin abin ba baƙo ba ne a gare mu. Wace ce a cikinmu ba ta san hoton saukar Alƙur'ani ba, yaro riƙe da allo mai zayyana, an jera da malam da iyaye?

Don haka ki zauna da ita. Ki tambaye ta me take so, da wa take so ta ɗauka, kuma ina za ta kai hoton. Ki saurara har ta gama. Za ki yi mamakin yadda rabin abin da ke takardar ba ita ke so ba, tsoron gorin ƙawaye ne ya rubuta shi.

Sannan ki kai maganar ga mahaifinta tun da wuri. Kada ki bari ya fara ganin hoton 'yarsa a wayar abokinsa a majalisa. Gidaje da yawa a nan rigimar ke tashi, kuma ke uwa ke ce za ki sha zafinta. Idan ya ce da hijabi za a ɗauka, ko a cikin gida, ki tsaya a kan haka. Hoto mai kyau ba ya buƙatar a cire mayafi.

Kuɗin hoto da kuɗin da ke bayansa

Ki ɗauko biro ki rubuta abin da ke gabanku bayan biki. Sakamakon WAEC kan fito wajen watan Agusta, na NECO ya biyo baya. Daga nan sai katin duba sakamako, tantancewar jami'a ko kwaleji, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, katifa, bokiti, kayan abinci. Ko da a nan gida za ta zauna, ta shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ko makarantar koyon aikin lafiya, sai an biya. Idan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ce a Katsina, ga kuɗin mota da na zama. Duk wannan a tsakiyar damina ne, lokacin da hatsi ya yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, maigida kuma na neman kuɗin taki.

Na ga matar da ta kwashe adashinta kaf ta zuba a bikin yini ɗaya, da sunan 'yarta ya fito a makaranta aka rasa na rajista. Kada ki ci bashi saboda hoto. Ki faɗa wa yarinyar adadin da za ki iya, ki bar ta ta zaɓi abin da za a yi da shi. Idan ita ta raba kuɗin da hannunta, da kanta za ta soke gashin ido.

Ga hanyoyin da suka rage mana kashe kuɗi:

Kaya kala biyu sun isa: kayan makaranta a wanke a goge, da ɗinki ɗaya. Idan kayan Sallah suna nan da kyansu, babu wanda zai gane a hoto.

Idan sabon ɗinki za a yi, ki kai wa tela tun yanzu. Kin san halin teloli idan aiki ya yi musu yawa. Ki faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da mako guda.

Iyaye huɗu ko biyar ku haɗa kai ku kira mai hoto ɗaya, ku yi hayar riga da hula guda, yaran su riƙa karɓa-karɓa.

Ki sa a ɗauki ƙaramin hoton fasfo mai farin bango a rana ɗaya. Za a nema a wajen rajista, ki huta da komawa.

Garin neman gira kada a rasa ido

Nan ne aikina ya shigo, don haka ki ba ni hankalinki.

Man bilicin. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abubuwa uku aka fi samu a irin waɗannan mayukan. Akwai sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya sa ciwo ya daɗe bai warke ba. Akwai haidirokwinon, wanda idan an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kan kumatu mai wuyar fita. Akwai kuma makuri, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda. Man haɗin da ake sayarwa a roba babu suna shi ya fi haɗari, don ita mai haɗawar ma ba ta san yawan abin da ta zuba ba. Ki duba gaɓoɓin yatsun 'yarki, gwiwar hannu da bayan kunne. Idan kin ga launi biyu, ki tambaye ta cikin lumana. Idan ta daɗe tana shafawa, ki kai ta asibiti, domin wasu idan sun daina fuskar kan yi ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi, sai su koma wa man.

Ƙwayar ƙiba. Wadda ake kira sha-ka-fashe tana yawo a tsakanin 'yan mata masu son su ciko kafin biki. Sau da yawa dekzametazon ce, maganin da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Kumburin da take sa wa ba ƙiba ba ce ta lafiya. Tana hawar da jini da sukari, tana raunana garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke lokaci guda ba, sai likita ya tsara mata yadda za ta rage.

Ƙurajen fuska. Kusan kowane matashi yana yi, ba ƙazanta ba ce. Maganinsu na gaskiya yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin a ga canji, shi ya sa nake wannan rubutu tun yanzu. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi, a daina matsewa, a daina goga lemon tsami da man goge baki. Kuma kada a gwada wani sabon mai a makon hoto.

Baƙin lalle. Lallen gargajiya ja yake bayarwa, kuma ba kasafai yake cutarwa ba. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin 'yan mintoci an haɗa shi da dayis na rina gashi, mai sinadarin PPD. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa: zanen ya kumbura, ya yi ruwa, wani lokaci washegari, wani lokaci sai bayan mako ɗaya ko biyu, ya bar tabo daidai siffar fulawar da aka zana. Na sha wanke irin wannan hannu. Jan lalle ya fi kwanciyar hankali, kuma yana fita da kyau a hoto.

Ido. Idan mai kwalliya ɗaya za ta yi wa yara goma da burushi ɗaya da jagira ɗaya, to yarinya ɗaya mai ciwon Apolo ta isa ta raba wa sauran. Ki ba 'yarki nata kwallin da nata soson hoda. Gam ɗin gashin ido yana sa wa wasu kumburin fatar ido. Gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido kuwa, wanda ake saya a kasuwa babu gwajin likita, yana iya ƙuje ido ya kawo gyambo. Wannan kam ki hana kai tsaye.

Na ƙarshe mai sauƙi ne: ta karya kumallo, ta tafi da ruwa. Duk shekara sai an kawo mana yarinyar da ta yanke jiki ta faɗi a wajen taro, saboda ta ƙi cin abinci don kada ciki ya fito ko jan baki ya goge.

Lokaci da wuri

Hasken safe kafin rana ta ɗaga, da na bayan la'asar, su ne masu kyau. Ranar tsaka tana sa a runtse ido, tana jefa inuwa a ƙarƙashinsa, ga gumi yana narkar da hoda. Tunda a watan Yuli za a yi, ki tuna hadari ya fi tasowa da yamma, don haka safiya ta fi tabbas. Ki ajiye wata rana ta biyu ko da ruwa zai ɓata ta farko.

Ba sai an je wani wuri mai tsada ba. Ƙofar ajinta, gindin darbejiyar makaranta, zauren gidan kakanta, ko bakin gona lokacin da gero ya yi kore shar, kowanne yana da ma'anar da labulen shagon hoto ba shi da ita. Masu son abin tarihi suna zuwa rijiyar Kusugu, sai a nemi izinin masu kula da wurin. Haka ma ƙofar fadar Mai Martaba, ba a ɗaga kyamara sai an tambayi dogarai. 'Yan uwa na Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, ba dole ne ku ɗauko yara zuwa cikin Daura ba. Kuɗin motar da za a kashe ya isa a wanke hoto babba a sa a firem. Abin da nake roƙo kawai, a nisanci bakin dam da kududdufi a damina. Santsi ɗaya ya isa ya mayar da biki zaman makoki.

Abin da za ki faɗa wa mai hoto

Kada yarinya ta je ita kaɗai, ko ita da ƙawaye zalla. Ke, ko ƙanwarki, ko yayanta, wani babba ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe. Kafin a ɗauki ko ɗaya, ku yi magana a kan abu huɗu.

Na ɗaya, nawa ne, hoto nawa za a wanke, kuma yaushe za a karɓa. Ki ba da rabi, sauran sai kaya sun zo hannu.

Na biyu, kada ya sa hoton a Facebook, Instagram ko TikTok don tallan aikinsa, kada kuma ya manna shi a ƙofar shago. Wannan haƙƙinki ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce idan abin ya shafi yaro, iyaye ko mai riƙo ake neman amincewarsu. Ki tura masa sharaɗin a rubuce ta WhatsApp, ya amsa, ki ajiye.

Na uku, bayan ya tura muku, ya goge na wurinsa.

Na huɗu, kada ya canja mata launi. Yawancinsu da kansu suke ƙara haske, su rage hanci, su goge fuska har ta koma kamar roba, a zatonsu gwaninta ce. Ki ce masa ya cire ƙurji idan ya fito, amma ya bar fatar yadda take.

Ita ma yarinyar ki yi mata bayani. Hoto kamar magana yake, zarar bunu ne, idan ya fita ba ya dawowa. Abin da aka sa a sitatus na awa 24, wani ya riga ya adana a wayarsa, kuma yanzu akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora a kan jikin da ba nasa ba. Ku yi yarjejeniya a kan wanda za a tura wa dangi da wanda zai tsaya a gida. Ki kuma gaya mata, idan wani ya taɓa yi mata barazana da hotonta, wurinki za ta fara zuwa, kuma ba za ki dake ta ba. Yaran da suka fi shiga uku su ne waɗanda suka fi tsoron uwarsu a kan mai barazanar.

Iyayen 'yan maza, ban manta da ku ba

Namiji ba ya neman gashin ido, amma nasa ya fi ba ni tsoro. Aron mota, jerin gwanon babura, mutum uku a kan babur ɗaya ana ɗaukar bidiyo. Mu da ke ɗakin karɓar gaggawa mun san yadda yammacin ranar gama jarrabawa ke kasancewa. Ki ɗinka masa shaddarsa, a karya masa hula, ya tsaya da mahaifinsa da malaminsa a ɗauka. Makullin mota kuwa ya kwana a aljihun mai ita. Batun farar riga da ake rubuce ta da maka, maza da mata a cakuɗe a titi, ki tambayi makarantar matsayinta, ki kuma faɗa wa ɗanki naki matsayin tun kafin ranar.

Yadda muka ƙare

A daren da na ga robar nan, ban yi faɗa ba, ko da yake raina ya so. Na buɗe akwatina na ɗauko hoton mahaifiyarta. Shi kaɗai gare mu wanda ta fito ita ɗaya: ranar da ta gama sakandare a 2005, da kayan makaranta da farin hijabi, a wani shagon hoto mai labulen fulawa. Baƙa ce, kyakkyawa, tana ƙoƙarin danne dariya. Na ajiye shi kusa da madubi na ce, "Mamana, dubi nan, ki dubi can."

Ta daɗe tana kallo. Goshin ɗaya, wushiryar ɗaya, launin ɗaya.

Na ce mata, "Duk ranar da na yi kewar Yaya, fuskarki nake kallo. Idan kika goge ta, ina zan duba?"

Ita da kanta ta jefa robar a shara. Da yake ba ta daɗe da farawa ba, kafin ƙarshen NECO launinta ya daidaita. Ni ma na sauko daga kan "a'a" tawa. Muka yi ɗinki ɗaya, ƙanwar maigidana ta yi mata jan lalle da 'yar hoda, muka haɗa kuɗin mai hoto da maƙwabta uku. Ranar wata Asabar da safe aka ɗauka a tsakar gidan kakarta. A ɗaya daga ciki tana riƙe da hoton mahaifiyarta a ƙirji. Ba ni na ce ta yi ba.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ki wanke hoton a kati. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori yana lalacewa. Hoton Yaya ya kai shekara 20 saboda a takarda yake. Ki wanke ko da uku ne: ɗaya na bango, ɗaya na kaka, ɗaya ki ɓoye a akwati. Kuma ke ma ki shiga. Na san za ki ce ba ki shirya ba, kin yi ƙiba, zanenki ya koɗe. Ki yafa mayafinki ki tsaya kusa da ita. Wata rana wannan hoton za ta fi nema a kan duk sauran.

Ina jiran jin naku a ƙasa, musamman iyayen da suka riga mu wucewa ta nan: me kuka yi da ya yi kyau, me kuma za ku canja? Masu tambaya a kan fata, ku faɗi shekarun yarinyar da tsawon lokacin da ta yi tana shafawa, amma don Allah kada ku sa hotonta ko sunanta.

Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya raya mana su cikin mutunci, ya jiƙan waɗanda ba su ga wannan rana ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.